Tambayoyi da amsoshi kan jagorantar tattaunawa a wajen taro

Yawancin tambayoyin nan daga ƙannena suka fito da ɗalibai, irin waɗanda za a wayi gari ƙungiyarsu ko makarantarsu ta ce musu kai ne za ka ja ragamar fanel, wato zaman da baƙi 'yan kaɗan ke tattaunawa a gaban jama'a, ranar Asabar, sai hankali ya tashi a kira ni cikin dare. Na ga abu ɗaya nake ta maimaitawa, shi ya sa na tattara su waje guda. Wasu amsoshin daga zama a kujerar mai jagorantar tattaunawar ne, wasu kuma daga zama can baya cikin jama'a ina kallon yadda ake cinye mana lokaci, kuma gaskiya a can bayan na fi koyon aikin.

Wai meye bambancin modareta da emsi? Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne sam. Emsi shi ke riƙe da taron gaba ɗaya, shi zai kira mai buɗewa da addu'a, ya kira manya zuwa hai tebur, ya sanar an toshe wa wani mota a waje, ya sa mutane dariya idan an gaji. Kai modareta awa ɗaya kawai aka ba ka ko ƙasa da haka, da mutum uku ko huɗu a gefenka, aikinka ka fito da abin da ke cikin kansu ya isa kunnen mutanen da suka bar sana'arsu suka zo suka zauna. Ni kullum abin da nake gaya wa kaina kafin in hau shi ne, wakilin mutanen da ke ƙasa ne ni. Akwai matar da ta hau adaidaita daga nesa, akwai ɗalibin da ya fasa lakca, ba za su iya ɗaga hannu su ce wa Farfesa ba mu gane ba, kai ne bakinsu. Kusan duk amsar da zan bayar a ƙasa daga nan ta taso.

An gayyace ni saura sati ɗaya, daga ina zan fara?

Fara da wanda ya gayyace ka. Ka tambaye shi su waye za su cika ɗakin, ɗalibai ne ko ma'aikata ko 'yan kasuwa ko manoma, kuma me yake so su tafi da shi gida. Sau da yawa za ka ji ya yi jim, don shi ma take kawai suka rubuta a fosta, wani dogon abu kamar "Matasa da ci gaban ƙasa: ƙalubale da mafita". Wannan ba maudu'i ba ne da za a iya tattaunawa a awa ɗaya, sai ka matse shi ya koma tambaya guda mai kama hannu, misali me ya sa yaro zai gama digiri a Kano ya shekara uku bai samu abin yi ba, kuma wa ya kamata ya fara motsawa.

Daga nan sai ka nemi lambar baƙin ka kira su ɗaya bayan ɗaya, minti goma ya isa. Kar ka tsaya a saƙon WhatsApp, ka ji muryar mutum, a nan za ka gane wane ne mai dogon zance, wane ne mai kunya, wane ne ya zo da abin da ke cin ransa. Tambayar da nake yi wa kowa ita ce, a wannan maganar meye abin da kake ganin mutane suka fahimta a baibai? Amsar da za su ba ka ita ce rabin tambayoyinka. Ka kuma tabbatar da yadda ake faɗin sunan kowa da muƙaminsa na yanzu, don kiran Dakta da Malam ko kiran mutum da tsohon muƙaminsa yana ɓata masa rai tun kafin ya buɗe baki.

In tura musu tambayoyin tun kafin ranar?

Ka tura musu batutuwan da za a taɓo, amma ba tambayoyin kalma da kalma ba. In ka tura cikakku wani zai zo da amsa a rubuce shafi uku ya sunkuyar da kai yana karantawa, shi ke nan fanel ya koma gabatar da maƙala. Tambayar farko kaɗai nake gaya wa kowa, don ya samu natsuwa.

Mutum nawa ya dace, kuma yaya zan raba lokaci?

Uku ko huɗu. Yi lissafin da kanka ka gani: awa ɗaya ce, cire minti 5 na buɗewa, cire 15 na tambayoyin jama'a, cire 5 na rufewa, saura 35. In mutum huɗu ne kowa bai kai minti 9 ba, har da lokacin da kai kake yin tambaya a ciki. In aka jera maka mutum bakwai saboda ana jin nauyin cire wani, kowa minti 5 ke nan, wato gaisuwa da godiya sai lokaci ya ƙare. Idan masu taro suka dage sai bakwai, roƙe su a raba zaman gida biyu.

Kuma ka sani a zahiri ba za ka samu awa ɗayan ba. Za a makara a fara, babban baƙo zai yi jawabin da ya wuce nasa, sai a zo a raɗa maka a kunne wai ka yi haƙuri minti 40 ya rage. Saboda haka tun a gida ka sa alama a kan tambayoyi uku da ko me zai faru sai an yi su, sauran in an samu sarari.

Yaya zan gabatar da baƙi? Sun turo min tarihinsu shafi biyu-biyu.

Jimla biyu kowa. Sunansa, abin da yake yi, da dalilin da ya sa shi aka kira a wannan maganar ba wani ba. Ba sai ka fara daga firamaren da ya yi ba. Kuma kai za ka gabatar da su, kar ka ce kowa ya gabatar da kansa, don a nan ne minti 15 ke tafiya ba a sani ba. Gaisuwar manya ma emsi ya riga ya yi, kai ka yi sallama, ka gaida iyayen taro a dunƙule cikin ladabi, ka shiga aiki.

Babbar matsalata ke nan: ta yaya zan katse babban mutum, sa'an mahaifina, a gaban jama'a?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce zuwa, kuma na san nauyinta, don mu an raine mu ne a kan in babba na magana ba a tsoma baki. Kunyar nan abu ne mai kyau, ban ce ka yar da ita ba. Amma ka duba ɗaya gefen: in ka bar mutum ɗaya ya yi minti 20, ka danne haƙƙin mutum uku da ke zaune kusa da shi waɗanda su ma manya ne, su ma sun yi shiri, ka kuma danne na duk ɗakin. To wanne ne rashin ladabin?

Maganin yana farawa ne tun kafin a hau. Ka same shi a ɗakin jira, ka rusuna ka gaishe shi, ka ce ranka ya daɗe lokacin da aka ba mu kaɗan ne, kowace amsa minti biyu zuwa uku ce, in na ga lokaci ya yi zan ɗan yi gyaran murya, ina neman afuwa tun yanzu. Wallahi ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi ba, yawanci ma cewa suke yi ai aikinka ne ɗana, ka tsayar da ni. Ka ga ya ba ka izini da bakinsa. Sannan da aka hau ka sake faɗa a gaban kowa cewa mun yi yarjejeniya da iyayena da ke nan zan riƙa tsayar da su, sai jama'a su san ba raini ba ne.

Akwai wani zama a Kano da wani Farfesa ya ɗauko tarihi tun daga zamanin En'e, ina kallon agogon wayata a kan cinyata minti shida, bakwai, ga matar da ke ƙarshen layi ta rufe littafin da ta yi rubutu a ciki ta ajiye biro. Abin da na yi shi ne na matso gaba a kujera, na ɗaga makirfo kusa da baki yadda zai gani ta gefen ido, na jira ya ja numfashi, don kowa sai ya ja numfashi, sai na shiga da kalmarsa ta ƙarshe. Na ce Allah ya gafarta Malam, wannan maganar ta haraji da ka kawo babba ce, bari in miƙa ta ga Hajiya don ita kullum tana kasuwa, Hajiya haka abin yake a wajenku? Ya yi murmushi ya ajiye makirfo. Ban ce masa lokacinka ya ƙare ba, ɗaukar maganarsa na yi na ba ta daraja na wuce da ita gaba. Yawancin masu dogon zance ba son kai ba ne, hanyar sauka ce suka rasa, in ka shimfiɗa musu sai su sauka.

In kuma sarki ne ko wani mai irin wannan matsayi, tun farko ka ba masu taro shawara kar a sa shi a fanel, a ba shi jawabinsa daban. Ba kowace kujera ce ta dace da kowa ba.

Wace irin tambaya ce mai kyau?

Gajeriya, guda ɗaya, kuma ga mutum ɗaya da sunansa. Kar ka yi tambaya ɗaya ka bi layi da ita daga dama zuwa hagu, kafin a zo kan na huɗu sai ka ji yana cewa kamar yadda 'yan uwana suka faɗa. Tambayi mutum abin da ya gani da idonsa: yaushe ne ka fara gane akwai matsala, nawa aka kashe, wa ya hana, me ka yi da ya ƙi aiki. In ya ce "ya kamata gwamnati ta tashi tsaye" ko "sai an wayar da kan al'umma", kar ka bari ta wuce haka, ce masa wace gwamnatin, ta tarayya ko jiha ko ƙaramar hukuma, kuma ta yi me ranar Litinin da safe?

Mafi daɗin tambaya kuma ba ta cikin takardarka, tana cikin amsar da ake ba ka yanzu. Shi ya sa sauraro ya fi komai. Wanda ya dunƙufar da kai yana neman tambaya ta biyar alhali baƙo ya faɗi abin da ya girgiza ɗaki, ya yi asara.

Ɗaya daga cikinsu ta yi shiru, maza sun mamaye zancen. Me zan yi?

Wannan yana faruwa sosai, musamman in mace ɗaya ce cikin maza ko matashi cikin dattawa. Ba za ta yi kokawar makirfo ba, kai ne za ka kai mata. Ni nakan fara tambayar farko da ita, don wanda ya yi magana da wuri ya fi sakewa. Kuma don Allah kar ka ware ta sai an zo "ɓangaren mata" kaɗai, in likita ce tambaye ta aikin likita, in 'yar kasuwa ce tambaye ta jari da bashi. Na taɓa zama da wata ungozoma daga wani asibitin karkara, ta yi shiru kusan rabin zaman, da na tambaye ta daren da ya fi mata wahala a wajen aiki sai ta ba da labarin karɓar haihuwa da fitilar waya a baki saboda hannu biyu duk suna aiki. Ɗakin ya yi tsit. Duk alƙaluman da aka karanto kafin nan ba wanda ya shiga ran mutane kamar wannan.

Lokacin tambayoyin jama'a fa? Kowa sai ya ce "ni ba tambaya gare ni ba, ɗan tsokaci ne".

Ka faɗi doka kafin ka ba kowa dama: sunanka, tambaya ɗaya, rabin minti. Sannan yaron da ke yawo da makirfo ka ja shi gefe tun farko ka ce kar ya saki, shi zai riƙe wa mai magana, don makirfo in ya shiga hannun mutum sai ya ga dama yake dawowa. Ka ɗauki tambaya uku a jere sannan a amsa, ka maimaita kowacce a taƙaice don na baya su ji. Ka duba bayan ɗaki da ɓangaren mata, kar ka tsaya kan 'yan layin gaba masu manyan riguna. In mutum ya kama wa'azi, ka ce mun gode Malam, tambayar taka ita ce? In babu, ka yi masa godiya ka wuce. Wata dabarar kuma a raba ƙananan takardu a rubuto, masu kunya ma sai su samu shiga.

Da Hausa zan yi ko da Turanci?

Dubi ɗakin. Abin yana min ciwo in ga mutum ɗari biyu duk Hausawa, baƙi Hausawa, amma ana ta fama da Turanci saboda mutum biyu da suka zo daga Abuja, rabin ɗaki na danna waya. In taron na Hausa ne kamar na Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta ai magana ta ƙare. In gauraye ne, ka sanar tun farko cewa kowa ya yi da harshen da ya fi sakewa, kai kuma ka riƙa taƙaitawa da ɗayan a jimla ɗaya ko biyu. In da 'yan uwa daga Maraɗi ko Damagaram a wajen ka tuna su Faransanci suka yi a makaranta, Hausar ce ta haɗa ku, to ka rage cusa Turanci a cikinta.

In rigima ta tashi tsakanin baƙi?

Saɓani ba rigima ba ne, shi ake nema ma, fanel ɗin da kowa ya yarda da kowa barci yake sa mutane. In ka ji biyu sun bambanta ka fito da shi fili, ka ce Malam ya ce kaza, ke kuma kin ce kaza, a ina kuka rabu? Inda za ka taka burki shi ne in an bar magana an koma kan mutum, ko an fara jifan wata ƙabila ko addini ko ɗariƙa. A nan ba jira, ka shiga nan take da murya a kwance, ka ce mu dawo kan batun. Magana zarar bunu ce, balle yanzu da kowa ke riƙe da waya, yankin bidiyo na sakan 30 zai iya zaga gari kafin ku sauko daga dandamali.

Zan iya faɗin nawa ra'ayin?

Ka riƙe shi. In kana da abin faɗa da yawa a maudu'in, ka ce a sa ka cikin baƙi.

Wani baƙo ya ce ba ya so a ambaci sunansa a jarida, ya ake yi?

Akwai abin da ake kira dokar Chatham House, daga cibiyar nan ta Landan da 'yan takarar shugaban ƙasarmu ke zuwa jawabi. Tun 1927 suka kafa dokar, ma'anarta kowa na iya amfani da abin da ya ji a zaman amma ba zai faɗi wanda ya faɗa ba ko inda yake aiki. Tana amfani a ƙaramin zama na rufe, irin wanda ma'aikatan gwamnati ke son faɗin gaskiya ba tare da an kira su ofis washegari ba. In za a yi da ita sai ka sanar tun farko a kashe kyamara. Amma a babban zaure da ake haskawa kai tsaye a Facebook kar ka yi wa kowa alƙawarin sirri, ka gaya wa baƙin a fili cewa ana ɗauka.

Wuta ta ɗauke, ko makirfo ya mutu, ko an kira sallah?

Ka je da wuri ka gwada kowane makirfo da kanka, ka san mai kula da sauti da sunansa, ka tambaya ko janareto na da mai. In wuta ta ɗauke kar ka tsaya kallon silin, miƙe ka matso gaban dandamali ka ɗaga murya ka ci gaba kafin a tayar da inji. Sallah kuwa tun a jadawali ake gyara ta, in ka ga an sa zamanka ya ratsa azahar ko la'asar ka yi magana tun kafin ranar, in ba haka ba kana tsaka da zance za ka ga ɗaki ya dare. Haka zaman da aka sa dab da rabon abinci, da an ji ƙarar kuloli hankali ya tafi.

Baƙo ɗaya bai zo ba.

A cire kujerarsa da takardar sunansa, a fara. Mutum uku ma sun fi samun sarari. In ya iso a tsakiya ya zauna, ka gabatar da shi a jimla ɗaya, ba sai an koma baya ba.

A ina zan koyi aikin nan?

Kunna rediyo. Saurari Ra'ayi Riga na BBC Hausa ranar Juma'a, ba don batun kaɗai ba, ka lura da yadda mai gabatarwa ke karɓe magana daga bakin wani ya miƙa wa wani. Ka riƙa zuwa taruka a Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano ko Arewa House a Kaduna, ko bukukuwan littattafai irin KABAFEST da aka fara a Kaduna a 2017, ka zauna da biro kana rubuta inda zaman ya yi armashi da inda ya mutu da abin da ya jawo. Sannan ka fara da ƙarami, taron ƙungiyar ɗalibai ko na unguwa, ka sa wani ya ɗauke ka a waya ka kalla daga baya ka ƙirga minti nawa kai ka yi kana magana.

Yaya ake rufewa?

Saura minti 5 ka sanar cewa zagaye na ƙarshe ne. Kar ka ce kowa ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, sabon jawabi za a buɗe maka. Yi musu tambaya mai iyaka, misali abu ɗaya da kake so wanda ke zaune a nan ya yi a satin nan, a jimla ɗaya. In sun gama ka faɗi abu biyu ko uku da kai ka ji sun fito a zaman, har da inda ba a daidaita ba, ka gode wa kowa da sunansa, ka gode wa jama'a, ka miƙa wa emsi makirfo a kan minti ɗin da aka ce ka gama. Bayan an sauko ka bi baƙin ɗaya-ɗaya ka yi musu godiya, wanda ka katse kuma shi za ka fara samu.